Bugun Gidan Serafina

Na sauka a tsibirin Rapa Nui da jaka biyu. Babbar ta tufafina ce. Ƙaramar kuwa ban yarda ta bar cinyata ba tun daga Santiago, domin a cikinta akwai tokar gawar mahaifiyata a ɗan tulu, da mabugin katako naɗe cikin tsohon tawul.

Jirgin cike yake maƙil da masu zuwa bikin Tapati: baƙi masu kyamara a wuya, da 'yan tsibiri masu aiki a ƙetare, waɗanda suka soma waƙa tun kafin a hango ƙasa. Matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko biki zan je. Na ce mata biki. Ban yi ƙarya ba. Na zaɓi lokacin ne da gangan, don a watan Fabrairu ne kaɗai za ka sami dangi duka a wuri ɗaya, ba mai cewa ba ya nan aka yi.

Kawu Anselmo, ƙanen mahaifiyata, shi ya zo tarbata da tsohuwar a-kori-kurarsa, riƙe da sarƙar furanni.

"Lauya! Lauya da kanta!" Ya buɗe hannuwa. "Kai, dubi yadda kika ɗashe kamar cikin dankali. Ba rana ne a Valparaíso, ko kuɗi ake biya kafin a shiga cikinta?"

"Kawu, kai ma dubi tumbinka. Da na ɗauka kai ne mai takarar sarauniyar, ka ci abincin ɓangare biyu."

Ya yi dariya har da dukan cinya. Sai idonsa ya faɗa kan ƙaramar jakar, dariyar ta tsaya.

"Ita ce?"

"Ita ce."

Ya cire hularsa. Furannin da ya kawo don wuyana, sai ya naɗa su a jikin jakar, ya buɗe mata ƙofar gaba. Ni na zauna a gefe, ita a tsakiyarmu.

Sunan mahaifiyata Eulalia, amma duk tsibirin Lali suke ce mata. Tana budurwa ta bi wani ma'aikacin jirgin ruwa zuwa Chile, ɗaya daga cikin waɗanda mutanenmu ke kira Tire. Shi ne ubana, bai kuma daɗe da mu ba. Da za ta tafi ta ɗauki mabugin mahaifiyarta, Kaka Serafina, wanda ake buga ɓawon bishiyar mahute da shi har ya zama mayafi. Wannan dangi sun haɗiye shi. Abin da ba su haɗiye ba shi ne ranar da Kaka Serafina ta rasu, aka aika, aka sake aikawa, Lali ba ta zo ba.

Ni na san dalili. Ina makarantar sakandare a lokacin, ni ce mai riƙe mata kwano tana amai. An yanke mata nono ɗaya, gashinta ya zube, ko matakalar gidanmu ba ta iya hawa sai ta huta. Ta hana ni faɗa wa kowa. "Na fita daga tsibirin nan kaina a sama," in ji ta. "Ba zan koma a tallafe ana cewa wayyo Lali ba." Ciwon ya lafa na wasu shekaru, har na gama jami'a, sannan ya dawo ya ɗauke ta.

Abu biyu ta bar mini. Na farko, a sa ta a kabarin mahaifiyarta da ke bakin teku, kuma da hannun yayarta Benedicta. Na ce mata doka ta ba ta wannan haƙƙin, ba sai an roƙi kowa ba, ni da kaina zan karɓo izini daga hukuma cikin yini guda. Ta ce, "Izinin hukuma na masu hukuma ne. In Yaya ba ta sa hannu ba, ki dawo da ni, ki ajiye ni a kan kabad." Na biyu, ta sa na rantse ba zan taɓa faɗa wa Inna Benedicta abin da ya hana ta zuwa ba. "In za ta karɓe ni, ta karɓe ni a yadda ta san ni."

Mun sami tsakar gidan Inna Benedicta kamar kasuwa. A Tapati 'yan mata biyu ke takarar sarauniya, tsibiri ya rabu gida biyu, duk wanda ya ci wata gasa, ta rawa ce ko ta iyo ko ta sassaƙa, makinsa na ɗaya daga cikinsu ne. A wannan shekarar jikar Inna, Hetu, ita ce ɗaya. Mata sun zauna rukuni-rukuni suna ɗinka gashin kaji da ƙananan kwasfar teku a jikin kayan rawa. Inna tana tsakiya a kan kujera, allura a baki, tana ba da umarni da ido.

Na gaishe ta da harshenmu. Ta amsa mini da Sifaniyanci, kamar yadda ake yi wa baƙi.

"An zo lafiya? Akwai ɗaki a baya, an share."

"Inna, ba ni kaɗai na zo ba."

"Na sani. Anselmo bakinsa ba ya riƙe ruwa." Ta cire allurar. "Me take so?"

"A sa ta kusa da Kaka."

Wata ta rage muryar rediyo.

"Kusa da Kaka," Inna ta maimaita. "Yanzu ta gane hanyar? Da muka ajiye tsohuwar nan muna jira, muna ta leƙen sama duk jirgin da ya sauka, hanyar ɓacewa ta yi? Ni na wanke ta. Ni na rufe mata ido tana kiran Lali, Lali. Ni da nake tsaye a kanta ba ta kira ni ba."

Maganar tana bakina. Kalma kaɗan ce, da na faɗe ta da matar nan ta zube a ƙasa. Na danne ta da haƙori.

"Ba ki da abin cewa, lauya? An ce a can har alƙalai kike rufe wa baki."

"Ba shari'a na zo ba, Inna. Saƙo na kawo."

"Buɗe in gani."

Na buɗe jakar. Ta dubi tulun, ta dubi tawul ɗin, na ga ta gane abin da ke ciki tun kafin in warware. Hannunta ya motsa ya koma.

"Wannan na gidan nan ne. Ajiye shi."

"Hannu da hannu aka ba ni. Ranar da uwata ta kwanta kusa da uwarta, sai mu yi maganarsa."

Wata daga cikin matan ta ce, "Kai! Lali ce sak, har ɗaga haɓar."

Inna ta yi murmushin da ba na daɗi ba. "To, ji nan. Mutanen gidan nan ba sa shiga ƙasa a gwangwani kamar kifin kanti. A mahute ake naɗe su. Tunda mabugi yana hannunki, buga mata mayafi. Ke da kanki, ba wata ba. Ki kawo mini shi babu huda ko ɗaya, ni kuma in sa hannu."

"Na yarda. Ki ba ni ɓawo."

"Bishiyoyina na Hetu ne. Gasar bugu na nan tafe, ko reshe ba ni da shi na bayarwa." Ta mayar da allurar bakinta. Zance ya ƙare.

Ta san abin da ta yi. A lokacin Tapati babu sandar mahute ɗaya a tsibirin da ba a riga an yi mata miji ba. Ta kuma san ban taɓa taɓa ɓawon ba a rayuwata, don bishiyar ba ta fitowa a tsaunukan Valparaíso. Abin da ba ta sani ba shi ne tun ina 'yar ƙarama uwata ke jiƙa tawul, ta shimfiɗa shi a kan dutsen kicin, ta ba ni mabugin. Biyu a hankali, ɗaya da nauyi, sai a ɗaga hannu a ɗan jira, sannan a sake. Maƙwabtanmu na ƙasa har sanda suke bugawa a rufinsu. In na gaji na haɗe bugun, sai ta riƙe mini wuyan hannu. "Kin cinye jiran. Ba a cinye jiran." Na tambaye ta amfaninsa, ta ce haka ake yi a gidanmu.

Washegari na ce wa Kawu ya kai ni gidan Nua Petronila, kakar Maeha, ɗaya mai takarar.

Ya taka birki a tsakiyar hanya. "Ke, kina da hankali? Gidan abokan hamayya? Yaya za ta gasa ni a ramin umu ta raba wa baƙi."

"To sauke ni, ƙafata lafiya lau."

"Allah ya haɗa ni da jinin Serafina," in ji shi, ya tada mota. "In an tambaya, ban gan ki ba, mota ce ta kawo kanta."

Nua Petronila tsohuwa ce 'yar firit, taba a gefen baki, tana zaune a bakin zagayen duwatsun da ake shuka mahute a ciki don kare shi daga iska. Ta saurare ni har na gama, tana kallon hannuwana.

"Hannun biro," ta ce. "Yarinya, kin san abin da dutse ke yi wa irin wannan fata?"

"Zan sani."

"Benedicta ta hana ki, ko? Tun muna 'yan mata haka take, ko gishiri ka roƙa sai ta tambayi sunan kakanka." Ta tofar da ganyen taba. "Zan ba ki sanda biyu. Ɗaya ki buga wa Maeha ranar gasa, a gaban kowa, a layinmu. Ɗayar ta uwarki ce. Lali ta taɓa ciro ni daga ruwa a Hanga Piko, ban manta ba. Amma kyauta zalla ba zan yi ba, nima jika gare ni."

"Na yarda."

"Ba ki ji ba ne. Za ki zauna kina fuskantar danginki, makinki ya tafi gidan wasu. Tsibirin nan ƙarami ne, ba a mantuwa."

"Na ji, Nua. Su suka zaɓa mini wurin zama."

Ta yi dariya har da tari. Ta nuna mini yadda ake tsaga sandar a zare ɓawon a tsaye, yadda ake kankare bayansa da kwasfar teku har farin ciki ya fito, yadda ake jiƙa shi. Ta ba ni guntaye in gwada. Tawul ba ya gardama, ɓawo kuwa yana da rai: yana zamewa, yana naɗewa, in ka matsa masa ya yage. Kafin yamma tafin hannuna na dama ya yi bororo. Na kwana a gidan wata ƙawar Kawu, don ɗakin da aka share mini a gidan Inna an ce an zuba kayan rawa a ciki.

Ranar gasa rana ta fito da zafinta tun da hantsi. An jera duwatsun teku masu santsi a filin Hanga Vare Vare, layi biyu suna kallon juna, bokitin ruwa kusa da kowane. Daga inda na zauna ina hango fararen gicciyen maƙabarta, teku a bayansu. Na ajiye ƙaramar jakata a inuwar bokiti.

Mai sanarwa ya zo yana tambayar sunaye. Na faɗa masa nawa yadda nake so a kira shi, ya dube ni, ya dubi ɗaya layin, ya ce, "Kin tabbata?" Na ce ya karanta kawai.

"A ɓangaren Maeha," lasifika ta ɗauka, "Merahi, 'yar Eulalia, jikar Serafina!"

Guna-guni ya tashi. Inna Benedicta tana daidai gabana a layin Hetu, ba ta ɗago ba, sai dai na ga ta sake jiƙa ɓawon da ta riga ta jiƙa.

"Lauya!" wata 'yar'uwata ta ƙwala daga can. "A hankali, dutsen ba mai laifi ba ne!"

"Ki kula da naki, Rufina," na ce. "Daga nan ina hango hudar da za ki yi."

Aka bushe da dariya a layi biyun. Aka busa ƙaho.

Wanda bai taɓa jin mabugai da yawa suna sauka tare ba, ba zai gane ba. Ba ka jin naka, ba ka jin tunaninka, ƙasa ce kawai ke rawa a ƙarƙashinka. Na sunkuyar da kai na shiga aiki. Ɓawon da bai fi faɗin tafin hannu ba ya soma buɗewa, yana yin fari, yana yin laushi. Ina bugu da dama, ina jan shi da hagu, ina yayyafa ruwa. Bororon suka fashe ɗaya bayan ɗaya. Ruwan gishiri ya shiga ciki. Gumi yana zuba a idona, kafaɗata kamar ana soka mata ƙusa. Baƙi suna zagayawa suna ɗaukar hoto, wani har ya durƙusa a gabana yana cewa in yi murmushi. Kallo ɗaya na yi masa ya tashi.

Da aka sake busa ƙaho, na miƙa abin da na yi. Bai zo na ɗaya ba, bai kuma zo na ƙarshe ba. Na Inna ne ya ci, faffaɗa, sumul kamar fatar jariri. Nua Petronila ta ɗaga nawa a rana ta leƙa. "Na ga wanda ya fi shi muni," ta ce. "Mun rabu lafiya, yarinya. Tashi ki je ki wanke hannun nan."

A gefen filin an buɗe umu, ramin da aka gasa nama da kifi da dankali a kan duwatsu masu zafi, na kowa da kowa. Ƙamshin ya cika wurin. Mata suka tattara mabugansu suka nufi layin abinci.

Ni kuwa na sa hannu a bokiti na ciro ɓawo na biyu.

Zan iya kai shi gida in buga a inuwa gobe ko jibi. Amma na san tsibirin nan ko ban girma a cikinsa ba. In na ɓuya na buga, kafin in iso ƙofar Inna an riga an ce Petronila ce ta buga mini. A nan za a yi shi, a fili, inda duk mai ido zai gani.

Kawu ya zo da faranti. Ya ga hannuna ya ajiye farantin a ƙasa.

"Merahi, ya isa. Lali ba ta ce ki kashe kanki ba."

"Kawu, yaga mini gefen rigarka."

"Sabuwa ce fa, ta biki."

"Ba ta yi maka kyau ba dama."

Ya yaga. Ya ɗaure mini tafin hannu da kansa, yana zagina ƙasa-ƙasa, ya ɗaure mabugin tare da yatsuna don sun daina rufuwa. Ya koma gefe ya tsuguna, ya bar abincin ƙudaje na bi.

Na soma. Yanzu filin ba kowa, sautin nawa ne kaɗai. Biyu a hankali, ɗaya da nauyi, jira. Biyu a hankali, ɗaya da nauyi, jira. Yana fita ya bugi katangar maƙabarta ya dawo. Ban taɓa jin sa a sarari haka ba. A kicin ɗinmu tawul yana shanye shi. Hannun hagu ya gaji da jan ɓawon, yana makara, wani lokaci ma ya ƙi tashi. Jini ya ratsa ƙyallen Kawu ya ɗiga a gefen farin mayafin. Na wanke, ya bar tabo ruwan ƙasa. Na ci gaba. Ban yi kuka ba. Na riga na yi kukana a asibiti, a bayan ƙofa, inda uwata ba ta gani.

Ban san lokacin da surutun layin abinci ya ragu ba. Inuwa kawai na ga ta rufe dutsena. Ƙafafu ne cikin silifa, da gefen riga mai furanni. Ban ɗago ba.

"Wa kike jira?" Muryar Inna Benedicta ce, kuma da harshenmu ta yi maganar.

"Ba na jiran kowa."

"Kina bugu kina tsayawa. Wa kike jira?"

"Haka aka koya mini."

"Wa?"

"Wa kuwa? A kan tawul, a kicin. Ta ce ba a cinye jiran."

Na ci gaba da bugu. Biyu, ɗaya, jira. A bugu na gaba mai nauyi, ɓawon ya buɗe baki a tsakiya, huda kamar idon saniya, dutse yana leƙowa ta ciki.

Na tsaya ina kallon hudar. Babu sanda ta uku. Na ji Kawu ya ja numfashi.

"To," na ce. Na ɗago na dubi Inna ido cikin ido. "Kin gani da idonki. Ya huje. Ba zan roƙe ki ba, Inna. Zan mayar da ita, in dawo baɗi in sake, in dawo wata shekarar. Kujera ɗaya ce a jirgi, ta saba."

"Rufe mini baki," in ji ta. "Kin cika surutu kamar ubanki."

Ta ajiye farantin da ke hannunta. Ta taka zuwa wurin zamanta ta laluba cikin bokiti, ta dawo da wani siririn ɓawo, ragowar wanda ta ci gasa da shi. Ta durƙusa a ɗaya gefen dutsen, gwiwoyinta suna ƙara. Ta shimfiɗa shi a kan hudar ta yayyafa ruwa.

"Dole ya huje. Kina dukan wuri ɗaya, hannun hagunki ya mutu. Wannan bugun ba na mutum ɗaya ba ne." Ta kama gefen mayafin da yatsunta biyu-biyu. "Serafina ta haifi mata biyu, mabugi ɗaya gare ta. Ɗaya na bugu, ɗaya na ja. Jiran nan nawa ne. Tun da Lali ta tafi na daina shi, na koma bugun kowa da kowa." Ta gyara zaman ɓawon. "Ita kuma tana can tana bar mini wuri a kan tawul. Shashasha."

Na kwance bakin ƙyallen da haƙori na miƙa mata mabugin.

"A'a. Na ce da hannunki. Ban janye ba. Buga."

Na buga. Biyu a hankali, ɗaya da nauyi, na ɗaga hannu. A cikin jiran yatsunta suka ja mayafin gaba kaɗan, daidai faɗin mabugi, suka tsaya. Na sake saukewa a sabon wuri. Ba ta taɓa makara ba, ban taɓa samun yatsanta ba. Facin ya soma narkewa cikin uwar ɓawon, zare yana kama zare, har na kasa gane inda hudar take. Mutane sun dawo sun kewaye mu da faranti a hannu, na ɓangaren Hetu da na Maeha a cakuɗe. Can na ji Nua Petronila tana cewa, "Ku matsa, ku ba su iska, ba sinima ba ce."

Mun kusa gefe na ƙarshe Inna ta yi magana, ba ta ɗago ba, a daidai jiran, yadda ni kaɗai zan ji.

"Me ya hana ta zuwa?"

Na sauke mabugi. Biyu, ɗaya.

"Merahi. Tambayarki nake."

"Na ji, Inna."

"Ta hana ki faɗa."

Biyu, ɗaya. Jira. Ta ja.

"Daɗai Lali ba ta taɓa ƙin Mama ba," ta ce a hankali, kamar da dutsen take magana. "Na daɗe da sanin haka. Na fi son in yi fushi ne kawai." Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe. Ban sunkuyar da kai ba, ban kuma buɗe baki ba. "Riƙe abinki. Gidan nan dama ba a rasa masu taurin kai."

Da muka gama ta ɗaga mayafin a rana, ta bi shi da ido daga gefe zuwa gefe. Ta tsaya a kan tabon jinin.

"Wannan fa?" na ce. "Shi ma laifi ne?"

"Huda na ce. Ban ce jini ba."

Ta naɗe shi ta rungume a ƙirji, ta sunkuya ta ɗauki ƙaramar jakata daga inuwar bokiti. Na miƙa hannu, ta kauce. "Kin ɗauke ta ya isa. Anselmo, kana tsugune kamar kaza mai ƙwai, tashi ka kawo mota. Ka kai yarinyar nan a duba mata hannu, sannan ka kwashe tarkacen da ke ɗakin baya."

Da safe, bayan mayafin ya sha iska, muka tafi maƙabarta. Ba mu da yawa: Fada limamin coci, Kawu da shebur, Hetu da ta bar gwajin rawa ta zo da furanni a kai, da wasu tsofaffi. Daga filin biki ana jiyo ganguna ana gwada lasifika. Inna ta shimfiɗa mahuten a kan cinyarta, ta buɗe tulun ta juye tokar a tsakiya, ta naɗe kusurwa huɗun kamar mai naɗe jariri, facinta yana daga ciki. Hannuna na dama yana ɗaure da bandeji, ban iya taimaka mata ba, ba ta kuma nema ba. Ta durƙusa a bakin ramin da Kawu ya haƙa a gefen Kaka Serafina, ta zura hannu har kafaɗa ta ajiye.

"Mama, ga ta nan," ta ce. "Ta makara, kamar kullum."

A hanyar fita na ciro mabugin daga jaka na miƙa mata, don na ce za mu yi maganarsa. Ta juya shi a hannu, ta shafa inda tafin uwata ya cinye katakon, da inda jinina ya bushe. Ta mayar mini.

"Me zan yi da shi ni kaɗai? Ki zo da shi baɗi. Kuma a layinmu za ki zauna, in ba haka ba in karya miki ɗaya hannun."

"Sai na duba aikina, Inna."

"Duba," ta ce. Ta wuce gaba tana kiran Hetu ta gyara furen kanta, ya karkace.